Toka a Saman Benen Hajiya

Farar jallabiyar ɗanta ce a hannuna, hayaƙi yana tashi ta ƙarƙashinta, sai ga Hajiya ta turo ƙofar saman bene da kwandon kwashe shanya a ƙugu. Ta tsaya cak. Ta dubi jallabiyar, ta dubi gwangwanin madarar da na cusa wa ganye na cinna wa wuta, ta dubi 'yar kwalbar ruwan da ke gefen ƙafata. Kwandon ya suɓuce mata.

"A'uzu billahi! Esh hada? Me kake yi wa rigar yarona?"

Na buɗe baki zan yi magana, hayaƙi ya shige min maƙogwaro, na kama tari. Kafin in dawo daidai ta leƙa matakala tana ƙwala wa mai gadin gidan kira.

"Ya haris! Hawo ka gani! Sihiri a gidana, da rana tsaka!"

Hajiya ita ce mai benen da muke haya a unguwar Kurayyat. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Hausarta rabi Larabci ne, in ranta ya ɓaci kuma Hausar sai ta gudu gaba ɗaya. Ɗan nata mai jallabiyar ana shirin bikinsa, ita kuwa ko kallon yaron ka cika yi sai ta tofa masa addu'a.

A ƙasar nan kalmar sihiri ba abin wasa ba ce. In ta kai kunnen shurɗa, wato 'yan sanda, mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a sa ka a jirgi a mai da kai inda ka fito. Ni kuma, karo na farko a rayuwata, na samu wurin da ba na son bari.

Ni mutum ne da ba ya zama. Ina aji biyu a sakandare na ajiye jaka na ce na gama. Na yi acaba, na yi cajin waya a tasha, na buga bulo, na bi motar kayan gwari zuwa kudu. Duk wanda na kama, kafin damina ta zagayo ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da Inna ta gaji, sai ta haɗa ni da ƙanenta, Kawu, wanda ya daɗe yana walda a Jidda. Shi ya samo min kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya min, aka yi min iƙama, takardar zama, na shiga shagon faci, wanda a nan ake ce wa banshar. Ban san me ya kama ni ba. Ko ƙarar injin cire taya ne, ko shayin da muke sha a bakin shago in rana ta yi sanyi, ko iskar teku ranar Juma'a in na hau motar haya na tafi bakin ruwa ni kaɗai. Na dai zauna. Har maigidan ya fara bar min makulli.

Mu 'yan Katolika ne. Ƙauyenmu yana can ƙasar Katsina, cocinmu ta laka ce da rufin kwano, Fada, limaminmu, yana zuwa daga gari in hanya ta yi kyau. Inna ce ke share cocin, ita ke ɗaukar waƙa a zumuntar mata. Abin da ya hana ta barci tun da na taho shi ne na zo ƙasar da babu coci ko ɗaya. Duk waya sai ta tambaya: ka ja carbin rosari? Ka yi addu'ar safe? Kawunka yana sa ido a kanka?

Da Larabar Toka ta matso, ranar da muke shiga azumi, sai ta kira ni da wayar ƙanwata. A gida ranar nan katikis, mai taimaka wa Fada, yana tattara kabar da Fada ya sa wa albarka bara a Lahadin Dabino, a ƙona ta, Fada ya shafa wa kowa tokar a goshi, ya tuna maka daga ƙasa ka fito kuma can za ka koma. Tun ina goye ban taɓa rasa ta ba sai da na zo ƙasar nan. Inna ta ce, "Bara ka ce min aiki ya riƙe ka, na yi shiru. Bana ina son in ga goshinka a hoto. In ƙasar nan ko toka ba za ta bar ka ka samu ba, ka tattaro ka dawo. Yayanka ya ce akwai wuri a gonarsa. Ban haife ka don in sayar da ranka saboda tayar mota ba."

In Inna ta ce ka dawo, to ka dawo ne. Ba a zama a wuri da bakin uwa a bayanka.

Shi ya sa ranar Larabar na roƙi maigida ya sake ni bayan la'asar. Na yanko ganyen dabino a bakin titi, ga shi nan birjik ba mai tambayarka. Na samu Kawu yana wanka, na zare 'yar kwalbarsa ta ruwan albarka daga bayan akwati, wadda ya zo da ita daga gida yake ɗigawa kamar turare. Na ce in na ƙona ganyen na ɗiga ruwan, ai toka ta zama toka. Abin da ban sani ba, kabar gida shekara guda take yi tana bushewa. Wannan ɗanye ne shar. Bai ci wuta ba, sai hayaƙi baƙi ƙirin, iska kuma ta juya ta nufi igiyar shanyar Hajiya. Na yi tsalle na fizge jallabiyar don in cece ta. Daidai nan ƙofa ta buɗe.

Haris ya hawo yana haki, wani dogon mutumin Yaman, wayarsa a hannu. Ya dubi gwangwani ya ja da baya.

"La, la, ya sadiƙ. Hada mushkila kabira."

"Hajiya, don Allah, ki tsaya in..."

"Uskut! Kar ka matso ni! Ajiye rigar! A'a, kar ka ajiye ta a ƙasa! Ya Rabbi, wa ya aiko ka? Dangin amaryar ne? Faɗa min nawa suka ba ka!"

"Ba wanda ya aiko ni. A kira Kawu, don girman Allah a kira Kawu."

Ba sai an kira shi ba, ihun ya kai ɗakinmu. Ya hawo da tawul a wuya, silifas ɗinsa na ɗigar ruwa. Kawu gajere ne, ba ya gaggawa ko gini na faɗuwa. Ya dubi wutar, ya taka gwangwanin da gefen silifas ya kife shi. Sannan idonsa ya sauka kan kwalbar. Ya ɗauke ta, ya ɗaga ta wajen rana ya ga inda ruwan ya tsaya, ya sa a aljihu. Kallon da ya yi min ya fi na Hajiya zafi.

"Ya ustaz," in ji Hajiya, "kai mutumin kirki ne, kullum carbi a hannunka. Dubi abin da ɗan 'yar'uwarka yake yi a gidana."

Ustaz take ce masa tun da ya kama ɗakin. Tana ganinsa da yamma a bakin ƙofa yana jan carbi, bakinsa na motsi. Bai taɓa ce mata shi Musulmi ne ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, don a wurinta wanda ya ce sannu aka ce yauwa, ai Musulmi ne, magana ta ƙare. Dokar Kawu gare ni tun ranar da na sauka ita ce: kar ka yi tallar addininka, kar kuma ka musa shi in an tambaye ka.

Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da carbin. Ya buɗe tafinsa a hankali, ya nuna mata ɗan gicciyen da kullum yake dunƙule a ciki.

"Hajiya, ba sihiri ba ne. Wauta ce. Mu Kiristoci ne, ni da shi. Yau muke shiga azuminmu, a gida ana shafa mana toka a goshi. Yaron nan ya ga babu mai shafa masa, ya ce bari ya dafa tasa."

Hajiya ta ƙura wa gicciyen ido.

"Masihi?"

"Masihi."

"Kai? Da Hausarka? Kai da ka ce min daga Katsina kake?"

"Daga can nake. Kakana Bamaguje ne, bai yi salla ba har ya mutu. Babana ne ya shiga coci. Yana nan a rubuce a iƙamata, in kina so in ɗauko."

"La ilaha illallah. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa ce min akwai irinku a can, na ɗauka tsokanata take yi." Ta juyo kaina. "To rigar fa? Me ya haɗa azuminku da rigar ango?"

"Iska ce ta juya, Hajiya. Na ga hayaƙi zai ɓata ta, na cire."

"Ka cire ta daga hayaƙi ka riƙe ta a kan hayaƙi?"

"Na ruɗe ne."

"Ruwan kwalbar fa?"

Kawu ya ce, "Limaminmu ne ya yi masa addu'a a gida. Nawa ne, sata ya yi."

"Kamar ruwan ruƙiya ke nan."

"Kusan haka."

Ta karɓi jallabiyar daga hannuna da yatsu biyu, ta sansana, ta juya ta ciki da bai, ta laluba aljihunan ko na sa wani abu. Ba ta samu komai ba sai takardar mai. Haris yana tsaye, yatsansa a kan waya, yana jiran ta ce buga. Ni kuwa ina ta lissafin yadda zan shiga ƙauye da jakar leda, yayana ya miƙo min fartanya.

"Halas," ta ce wa haris. "Ruh. Ba mushkila, mahaukaci ne kawai." Ta watso min rigar a fuska. "Kai kuma, duk abin da ke kan igiyar nan ka sake wanke shi. Da hannu, ba da inji ba. Ka goge. In na ji warin hayaƙi ko a hula, wallahi ni da kaina zan kai ka. Toka! Da ka tambaye ni, kaskon turarena kullum sai na zubar da ita."

Na kwashe shanyar na bi Kawu ƙasa.

Na ɗauka a ɗaki zai yi faɗan ruwansa ya gama, sannan ya tausaya min, don in ana maganar riƙon addini, Kawu ba ya da na biyu. Mutumin da ke yin rosari kowace yamma ko ya dawo hannunsa a ƙone. Ranar Juma'a da ba aiki, ya jingine waya a jikin tukunya ya bi Misa, sujadar cocinmu, daga wata ƙasa, in sun tashi ya tashi, in sun durƙusa ya durƙusa a kan kwali. Ban taɓa ganin ya ci abinci bai yi alamar gicciye ba, ko da ƙarama ce a kan ƙirji.

Ya zauna bakin katifa ya ce, "Me ka ci da safe?"

"Kawu, wace tambaya ce wannan?"

"Me ka ci?"

"Burodi."

"Da me a ciki?"

Kusa da shagonmu akwai mai soya kibda, hantar rago da albasa da barkono, ya cusa maka a burodi. Kowace safiya can nake karyawa. Ƙafata ce ta kai ni, kaina yana can wajen ganyen dabino.

"Kibda," na ce.

"Guda nawa?"

"Kawu..."

"Da rana fa?"

"Maigida ne ya sayo kaza, ba kyau a ƙi."

Kawu ya yi dariya har tawul ya faɗo daga wuyansa. Ban taɓa jin ya yi irin ta ba.

"Abu biyu coci ta ɗora maka yau. Ka rage ciki, ka bar nama. Ko a tsakiyar teku kake za ka iya, ba ka bukatar Fada, ba ka bukatar ashana. Ka tashi ka cika tumbinka da hanta da kaza, sannan ka hau bene za ka ƙona gidan mutane saboda abin da ba wanda ya ce dole ne."

"Toka ba dole ba ce?"

"Ba dole ba ce. Kyakkyawan abu ne, ina kewarta fiye da kai. Amma wanda bai samu ba bai yi zunubi ba. Je ka tambayi kowane Fada."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To in haka ne, rosarin da kake tsare ni da shi kullum, dole ne?"

"A'a."

"Misar waya fa? Ai ba ka karɓar komai. Kallo kake yi kamar ƙwallo."

"Ita ma inda babu coci ba a bin ka bashinta. Na tambaya tun zuwana."

"To don me kake durƙusa wa tukunya?"

Ya ce, "Don in ban yi ba, ranakun sai su zama iri ɗaya. Walda, barci, walda. Wata rana in farka in tarar ban san ko ni wane ne ba. Wannan ni na ɗora wa kaina, shi ya sa in ka gudu bakin teku ba na bin ka da sanda. Amma wanda aka ɗora mana, shi ake fara yi. Kai ka tsallake tuwo ka tafi neman yaji."

"Inna ba ta san wannan bambancin ba. Ita goshi take son gani."

"Yayata ce, na riga ka saninta. Tana nesa, abin da ido ke gani kaɗai za ta iya tambaya. Ba za ta ce ka turo hoton cikinka ba."

"To in shafa ta gwangwanin in tura mata. Wa zai sani?"

"Goshinka ne. Ruwana dai ba za ka ƙara taɓawa ba. In kuma ta tambaye ni, ba zan ce Fada ya zo Kurayyat ba."

Na koma sama na ɗauko gwangwanin. Akwai 'yar toka a gindinsa, haɗe da ɗanyen ganye. Na shiga banɗaki, na dangwala, na zana gicciye a goshina, na tsaya gaban madubi da waya a hannu. Wallahi kamar kowace rana in na tashi daga shago na share gumi da hannun taya. Ba abin da ya bambanta. A gida in Fada ya sa maka, yatsansa da sanyi, tsofaffi na tari a bayanka, mata na waƙa, ka fito kowa a hanya goshinsa irin naka. Wannan kuwa ni ne kawai da datti a fuska. Na wanke, na jawo baho na fara cuɗa jallabiyoyin ango.

Washegari da yamma na kai wa Hajiya kayan a goge. Ta sansana su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Sai da ta gama ta ce, "Azumin naku har yaushe?"

"Kusan wata ɗaya da rabi."

"Ba ci ba sha?"

"Ana ci, ragewa ake yi. Ranar Juma'a dai ba nama."

"Wannan ne azumi? Ku zo ku ga Ramadan a zafin Jidda." Ta karɓi kayan. "Kifi fa?"

"Kifi ana ci."

"Miskin. Allah ya shirye ku, ya waladi."

Na ce amin, don shiriya ba wanda ya ƙoshi da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, haris ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti a rufe. Shinkafa ce ja da soyayyen kifi a kai, irin ta mutanen Jidda, har da ɗan yaji a gefe. Ya ce Hajiya ta ce a gaya wa ustaz, sai ya tsaya, ya sosa kai, ya ce a gaya wa mai walda a dawo mata da farantinta a wanke. Kawu ya yi alamar gicciye babba, tun daga goshi har ciki, muka zauna a ƙasa muka cinye tas. Ranar ban je bakin teku ba. Da ya jingine waya a tukunya na jawo nawa kwalin.

Tun Laraba ƙanwata take turo min saƙo, Inna na jiran hoto. Ban amsa ba. Inna ba ta karatu, sai murya. Da yamma na fita bakin ƙofa, na danna na ɗauka na goge ya fi a ƙirga, sannan na tura wannan:

"Inna, ina wuni. Ni ne. Babu hoto, Inna, ban samu toka ba bana ma. Na gwada yin tawa, na kusa jawo mana fitina ni da Kawu, shi zai ba ki labari, zai ma ƙara gishiri. Da na so da na shafa baƙi na turo miki, ban yi ba. Kuma ranar Larabar na ci nama, mantuwa na yi, in na zo hutu zan faɗa wa Fada. Yau dai kifi muka ci, mai gidanmu ce ta aiko, Musulma ce, ta san ko mu su wane ne yanzu kuma ba ta kore mu ba. Na bi Misa da Kawu a waya, har na durƙusa. Inna, don Allah kar ki ce in dawo. A nan ne kaɗai na taɓa zama ƙafata ba ta yi ƙaiƙayi ba, ke ma kin sani. Ki bar ni da albarkarki. In Lahadin Dabino ta zo, ki karɓar min kaba ɗaya, ki sa a bayan hoton Baba ta bushe, in mai zuwa ya samu ki ba shi. Ki gai da yaya, ki ce ya ba wani wurin gonar. Ki kira ni in an tashi daga zumunta, ina riƙe da wayar."